Kaushin Sauti a Matsayin Salo: Sharhi a Kan Faifan Hound Dog Taylor na 1971

1.0 GABATARWA

Masu nazarin waƙar baka sun daɗe suna fama da wata matsala guda, wato yadda za a auna waƙar da aka ciro daga dandalinta aka zuba a faifai. Makaɗi yakan yi kiɗansa ne domin wasu mutane, a wani wuri, a kuma wani lokaci. Shi kuwa faifai yakan kai kiɗan ga kunnuwan da ba su san wurin ba, su kuma auna shi da mudun da ba nasa ba. Manufar wannan takarda ita ce ta duba wannan matsala ta hanyar ɗaukar faifai guda ɗaya ta feɗe shi. Faifan da muka zaɓa shi ne Hound Dog Taylor and the HouseRockers, wanda kamfanin Alligator ya fitar a birnin Shikago na ƙasar Amurka a shekarar 1971.

Wanda ya saba da kiɗan da aka tace a ɗakin ɗaukar sauti zai iya tuhumar wannan faifai da laifi biyu. Na farko, cewa sautinsa yana da kaushi, jitar tana gurnani, kuma babu jitar bas a cikinsa ko ɗaya. Na biyu, cewa makaɗin bai zo da wani sabon abu ba, bin sawun Elmore James kawai ya yi. Ra'ayinmu a wannan takarda shi ne cewa kaushin nan salo ne da aikin kiɗan ya haifar, kuma darajar faifan ta dogara ne a kan barinsa da aka yi yadda yake. Za mu kuma nuna inda muke ganin raunin faifan yake, domin yabon da bai san aibi ba bai cika sharhi ba.

2.0 BAYANIN WASU KALMOMI

Kafin mu tsunduma cikin sharhin, ya kamata mu yi bayanin kalmomi biyu. Buluz wani nau'in waƙa ne da ya tsiro a tsakanin baƙaƙen fatar kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19. Zubin da ya fi yawa a cikinsa shi ne baiti mai layi uku: mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sa'an nan ya kawo layi na uku wanda zai amsa ko ya warware na farkon. Ana shimfiɗa wannan baiti ne a kan awon kiɗa 12. Bayan kowane layi akan bar fili, a nan ne kayan kiɗa suke amsa wa murya, kamar dai yadda 'yan amshi suke karɓa wa jagoran waƙa.

Kalma ta biyu ita ce abin da za mu kira kiɗan zamiya. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta, waɗanda suka raba shi mataki mataki, kowane mataki da muryarsa. Mai kiɗan zamiya ba ya danna tsirkiya a kan waɗannan matakai. Yakan zura yatsansa a cikin bututun ƙarfe ko wuyan kwalba, ya ɗora a kan tsirkiyoyin, ya riƙa zamewa sama da ƙasa. Ta haka yake samun muryoyin da ke tsakanin mataki da mataki, ya ja su, ya girgiza su, har jita ta yi kusa da muryar ɗan Adam. Domin wannan aiki, akan ɗaure tsirkiyoyin shida yadda in an kaɗa su gaba ɗaya, ba tare da an taɓa ko ɗaya ba, muryoyinsu za su dace da juna. Dabarar tsohuwa ce: W. C. Handy ya ba da labarin cewa wajen shekarar 1903 ya ji wani mutum a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, a jihar Misisifi, yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana waƙa. Da lantarki ya shigo, Muddy Waters da Elmore James su ne suka fi ɗaukaka wannan salo a Shikago.

3.0 MAKAƊIN DA TARIHIN FAIFAN

An haifi Theodore Roosevelt Taylor a garin Natchez na jihar Misisifi a 1915. Ya koma Shikago a 1942, cikin ayarin baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 da suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin wajen 1910 da 1970, suna gudun wariyar launin fata da talaucin noman ƙwadago. Ya shafe shekaru yana aikin rana yana kiɗa da dare, sai wajen 1957 ya mayar da kiɗa sana'arsa kaɗai. Ya yi 'yan ƙananan fayafaye a farkon shekarun 1960, ya kuma je Turai a 1967 cikin tawagar makaɗan buluz, amma duk da haka sunansa bai wuce ƙananan mashayu na unguwannin baƙaƙe na Shikago ba.

A ɗaya daga cikin waɗannan mashayu, mai suna Florence's Lounge, inda yake kiɗa ranar Lahadi da rana, wani saurayi mai suna Bruce Iglauer ya ji shi a 1970. Iglauer a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a kamfanin fayafaye na Delmark. Ya nemi maigidansa, Bob Koester, ya ɗauki kiɗan Taylor, bai amince ba. Sai ya ɗauki gadon da ya samu na dala 2,500 ya kafa kamfanin Alligator domin wannan faifai kaɗai. An ɗauki kiɗan cikin dare biyu a 1971, a kan kuɗin da bai wuce kimanin dala 900 ba. Makaɗan uku sun zo da kayan da suke kiɗa da su a mashaya, suka yi kiɗa tare a lokaci guda, ba a ɗora wani sauti a kan wani daga baya ba. Faifan ya sami kasuwar kwafi kimanin 9,000 a shekararsa ta farko, abin da ya isa ya tsayar da sabon kamfanin da ƙafafunsa.

Abin lura a nan shi ne halin da kasuwar buluz take ciki a wannan lokaci. Matasan baƙaƙen fata sun karkata ga sababbin kaɗe-kaɗe, manyan kamfanoni kuwa suna neman jawo matasan fararen fata. A 1968 kamfanin Chess ya fitar da faifan Electric Mud, inda aka lulluɓe muryar Muddy Waters da kiɗan zamani wanda ba nasa ba. Wato abin da ake yayi shi ne a yi wa tsohon makaɗi sabuwar riga. Iglauer ya bi wata hanya dabam, ya bar makaɗin cikin rigarsa ta kullum. Wannan shawara ita ce ginshiƙin duk abin da za mu faɗa a gaba.

4.0 ZUBI DA TSARIN KIƊAN

4.1 Rashin Jitar Bas

Ƙungiyar HouseRockers mutum uku ce: Taylor da jitar zamiya da murya, Brewer Phillips da jita ta biyu, Ted Harvey da ganguna. A ƙungiyoyin Shikago na wancan zamani an saba ganin jitar bas, sau da yawa har da fiyano da sarewar baki. A nan babu ko ɗaya. Aikin bas ya faɗo ne a kan Phillips, wanda yake kaɗa tsirkiyoyin jitarsa masu kaurin murya, yana riƙe da takun kiɗan, dogo da gajere, dogo da gajere, kamar sassarfar doki. Idan kuma Phillips ya karɓi jagoranci, kamar a kiɗan da aka sa wa suna Phillips' Theme, sai Taylor ya koma ƙasa ya riƙe masa takun.

Wannan tsari yana da sakamako biyu da kunne zai iya kamawa. Na farko, da yake jitocin biyu suna zaune a kusan muhallin murya ɗaya, sautinsu yakan sarƙe da juna har mai saurare ya kasa raba wane ne wane. Kiɗan ya zama dunƙule guda. Na biyu, rashin nauyin bas yana sa kiɗan ya yi sauƙin jiki, ya riƙa tunkuɗa kansa gaba. A waƙar Give Me Back My Wig da kiɗan Walking the Ceiling, mai saurare yakan ji kamar makaɗan uku suna tsere ne, kowa yana neman shiga gaban ɗan'uwansa, amma ba wanda ya faɗi. Harvey ne yake riƙe da linzamin, da bugu marar ado wanda ba ya kauce wa taku. Ƙaramar ƙungiya ta fi sauƙin ciyarwa daga ɗan abin da mashaya take biya, wannan gaskiya ne. Sai dai makaɗan sun shafe shekaru suna gina salonsu a kan wannan giɓi, ta yadda da an cusa musu mai bas a daren ɗaukar sauti, da an rushe abin da aka zo ɗauka.

4.2 Kaushin Sauti

Taylor yana amfani ne da jita mai araha ƙirar Japan, da na'urar ƙara sauti mai araha wadda yake buɗewa har iyakarta. Idan aka matsa wa irin wannan na'ura fiye da ƙarfinta, sautin yakan dusashe, ya yi gurnani, ya yi zara-zara a gefensa. A ma'aunin injiniyan sauti wannan aibi ne da ake gyarawa. A wajen mai kiɗan zamiya kuwa yana da amfani guda biyu. Yana tsawaita ran murya, ta yadda idan ya kaɗa tsirkiya sau ɗaya zai iya jan muryar ya lanƙwasa ta kafin ta mutu. Yana kuma ba kiɗan kaifin da zai ratsa hayaniyar ɗaki cike da masu rawa da masu hira.

Za a fi gane wannan idan aka kwatanta da wani faifai na wannan shekara ta 1971, wato At Fillmore East, inda Duane Allman ya yi kiɗan zamiya mai santsi, kowace murya ta sauka daidai inda aka nufa. Allman yana yi wa mutanen da suka sayi tikiti suka shiga babban zaure domin saurare. Taylor kuwa yana zaune a kan kujera a lungun mashaya, yana dukan ƙasa da ƙafa, aikinsa shi ne ya hana mutane zama. Sunan ƙungiyarsa ma abin da yake nufi ke nan, masu girgiza gida. Idan muka auna Taylor da mudun Allman za mu same shi da gazawa, amma laifin na mai awo ne. Tambayar da ta dace ita ce ko kiɗan ya yi aikin da aka yi shi dominsa, da kuma ko faifan ya adana wannan aiki. Amsarmu ga duka biyu ita ce e.

4.3 Bashin Elmore James

Babu mai musun cewa Taylor ya sha daga rijiyar Elmore James, wanda ya rasu a 1963. Uku daga cikin waƙoƙi 12 na faifan suna cikin waɗanda aka san James da su: Held My Baby Last Night, da Wild About You Baby, da It Hurts Me Too. Haka kuma shahararren buɗe-kiɗan nan na James, bugu uku uku da ake maimaitawa a tsakiyar tsirkiya, wanda ya yi fice da shi a Dust My Broom a 1951, yana fitowa a fili a kiɗan Taylor.

Sai dai tuhumar kwaikwayo tana ɗauke da wani zato da ya kamata mu bincika, wato cewa kowace waƙa tana da mai ita guda ɗaya. Shi kansa James ya gaji Dust My Broom ne daga waƙar da Robert Johnson ya ɗauka a 1936. It Hurts Me Too kuwa Tampa Red ya riga shi ɗaukarta a 1940. A irin wannan al'ada, kamar yadda yake a sauran adabin baka, kari da baiti dukiyar jama'a ce. Gwanintar makaɗi tana bayyana ne a yadda ya sarrafa su. Idan muka duba ta wannan fuska za mu ga bambanci a fili. James yana da murya mai ƙarfi da kuka a cikinta, sau da yawa kuma fiyano da algaitar Turawa suna tallafa masa, jitarsa tana amsa wa muryarsa. A wajen Taylor ma'aunin ya juya: muryarsa siririya ce mai rawa, jita ce take jan ragama, murya tana biye. Aƙalla 4 daga cikin kaɗe-kaɗen faifan ba su da waƙa sam. Ya ɗauki karin da James ya yi kuka da shi, ya ƙara masa sauri, ya rage masa ado, ya mayar da shi kiɗan rawa zalla. Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane.

5.0 JIGO DA RAUNIN FAIFAN

Idan muka juya ga kalmomin waƙoƙin, a nan ne za mu sassauta yabo. Jigoginsu kaɗan ne, kuma sanannu: mace ta tafi, namiji yana bege, ko yana ƙorafi. Taylor ba mawaƙin hikimar zance ba ne irin Willie Dixon, kuma ba za a sami wani abu a faifan game da hijira ko wariya ko wahalar birni a faɗe ƙarara ba. Wanda ya rubuta baitocin a takarda ya karanta su ba tare da kiɗa ba, zai ga ba su da nauyi sosai. Inda ya fi yin fice shi ne barkwanci. A Give Me Back My Wig, namijin da aka rabu da shi yana neman a mayar masa da gashin kanti da ya saya wa budurwarsa. Abin dariya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai hoton talakan da soyayyarsa ta ƙare, ya zauna yana lissafin abin da ya kashe.

Rauni na biyu shi ne ƙarancin bambanci tsakanin kaɗe-kaɗen. Takun da yawansu ɗaya ne, buɗe-kiɗan ma yakan maimaitu. A mashaya wannan ba matsala ba ce, domin mai rawa maimaici yake so. Amma mai zama a ɗaki ya saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe zai iya ƙosawa kafin ya kai waƙa ta 12. Masu tsara faifan sun rage wannan ta hanyar saka waƙoƙi masu tafiyar hawainiya a tsakani. A cikin waɗannan, It Hurts Me Too ce ta fi tsaya mana a rai, domin a nan ne siririyar muryar nan ta dace da jigon: mutum yana gaya wa macen da take son wani cewa wahalarta tana yi masa ciwo shi ma. Raunin muryar ya zama shaidar gaskiyar maganar.

Akwai kuma wani haɗari da ke wuyan masu sharhi. An cika ba da labarin cewa an haifi Taylor da yatsa shida a kowane hannu, da labarin arahar jitarsa, kamar dai su ne sirrin kiɗan. Yatsan na shida ɗan guntu ne da ba ya kiɗa da shi. Arahar kaya kuwa ba ta mayar da kowa gwani ba. Dubban mutane sun sayi irin wannan jita. Mayar da talaucin makaɗi abin sha'awa yana tauye masa haƙƙin shekaru kusan 30 da ya yi a Shikago yana koyon abin da ke tayar da mutane daga kujera.

6.0 BATUN DANGANTAKA DA KIƊAN AFIRKA TA YAMMA

Mahalarta wannan taro za su so sanin ko akwai alaƙa tsakanin wannan kiɗa da namu. Manazarta biyu sun yi magana mai ma'ana a kan haka. Paul Oliver, a littafinsa na 1970, ya nuna cewa ya fi dacewa a nemi tushen buluz a yankin sabana mai kayan kiɗa na tsirkiya, fiye da gaɓar teku mai manyan ganguna. Gerhard Kubik, a nasa littafin na 1999, ya faɗaɗa wannan ra'ayi, ya kawo misalai daga yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa, inda mawaƙi guda yake rera waƙa da lanƙwasa murya, goge ko molo yana bin sa. Lalle wanda ya san yadda mai goge ko kukuma yake taɓa tsirkiya ba tare da ya danna ta a jikin itace ba, da yadda ake ɗaura wa wasu kayan kiɗanmu ƙarafa masu kacau-kacau da gangan, ba zai ji zamiyar Taylor da gurnanin jitarsa baƙi ba.

Duk da haka ya kamata mu yi hattara. Shi Kubik ɗin ya danganta dabarar zamiya kanta da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya na tsakiyar Afirka, wanda yaran karkarar Misisifi suke yin irinsa da waya a jikin katako. Wato gadon ya zo ta hanyoyi fiye da ɗaya, ya kuma gauraya a Amurka cikin ƙarnoni. Jitar lantarki, da awo 12, da mashayar Shikago, duk abubuwa ne da baƙaƙen Amurka suka haɗa da kansu cikin nasu tarihi. Amfanin kwatancen a gare mu shi ne cewa kunnen da ya tashi da goge ya riga ya san kaushi yana iya zama ado, don haka ya fi kusa da yi wa wannan faifai adalci.

7.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa laifuffuka biyu da ake iya ɗora wa wannan faifai sun samo asali ne daga awo da mudun da bai dace ba. Rashin bas da kaushin sauti sassa ne na salon da aka gina domin rawa a ƙaramin ɗaki, aron da aka yi daga Elmore James kuwa irin aron da al'adar ta ginu a kansa ne. Raunin faifan na gaskiya yana ga ƙarancin jigo da yawan maimaici.

Taylor bai daɗe yana cin moriyar sunan da ya samu ba. Ya fitar da faifai na biyu, Natural Boogie, a 1974, ya rasu a Shikago ranar 17 ga Disamba 1975 sakamakon ciwon daji na huhu. Faifansa na uku, wanda aka ɗauka a gaban jama'a, ya fito a 1976. Kamfanin da aka kafa dominsa ya ci gaba ya fitar da fayafayen Son Seals da Koko Taylor da Albert Collins. Darasin da muke ganin ya shafi duk mai ɗaukar waƙar baka, a ko'ina yake, shi ne wanda aka nuna a waɗancan darare biyu na 1971: kafin a gyara wa makaɗi sautinsa, a fara tambaya ko abin da ake shirin gogewa shi ne abin da jama'arsa suke zuwa ji. Muna fata wannan tambaya za ta sami gurbi a tattaunawar da za ta biyo bayan wannan takarda.